Yayana Ya Ba 'Yan Gwangwan Ƙafata

Gwaggo, don Allah ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a danginmu. Na rasa wanda zan kai wa kukana. Duk wanda na nufa sai in tarar an riga ni zuwa wurinsa, har ya gama yanke hukunci cewa ni ce marar godiya. Ke kaɗai ce ba su kai ga kunnenki ba, shi ya sa na rubuto.

Ni mace ce, na doshi arba'in, ina da aure da 'ya'ya. Tun ina ƙarama shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu, ba ta ɗaukar nauyina sai da takalmin ƙarfe. Ga wanda bai san shi ba, ƙarafa ne guda biyu dogaye, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, sun taso daga ƙarƙashin takalmi har cinya, da maɗaurai na fata, da ɗan makulli a daidai gwiwa. In na miƙe sai ya ce ƙas, ƙafa ta tsaya ƙyam. In zan zauna sai in ja shi, gwiwa ta lanƙwashe. Wanda nake magana a kansa an yi mini shi ne ina budurwa, bayan na gama tsayi. Da shi na yi aure, da shi na ɗauki cikin duk 'ya'yana, da shi nake tsayuwa a bayan kanta a kantin maganin da nake aiki tun safe har la'asar. Ina taka ɗan benci in sauko da kwali daga sama, ban taɓa cewa wani ya miƙo mini ba.

Ba zan ce miki sabo ne ba. Fatarsa ta yi baƙi ƙirin, mai waldan bakin titinmu ya san shi kamar ɗan cikinsa. Yana ƙara in ina tafiya, har abokan aikina suna tsokanata wai kantinmu ba ya buƙatar ƙararrawa, tun daga kwana suke jin isowata. Da maɗaurin cinya ya tsinke, tsohon bel ɗin maigidana na kai wa mai gyaran takalma ya yanka ya ɗinka, ya kuma zauna daram. Makullin yakan yi gardama wani lokaci, sai na ɗan buge shi da tafin hannu yake shiga. Bara ya taɓa sullewa a ƙofar banɗaki na zauna daɓas, amma ba wani abu ba ne, targaɗe ne kawai a wuyan hannu. Na san halinsa, ya san nawa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ina da yaya namiji, shi ne babba a ɗakinmu, tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba. Shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta kafin a yi mini takalmin farko, wannan ban manta ba, ko da na so in manta ma ba za a bar ni ba. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake. Matsalarsa ɗaya: duk abin da ya gani a waya ya zama likitansa. Shi ne ya saya wa Mama wata na'urar tausa da ta yi hayaƙi ranar da aka fara jona ta. Shi ne ya hana gidansa shan ruwan sanyi na wani lokaci saboda wani mai farin gemu ya faɗa a bidiyo. Kwanakin baya sai ya turo mini hoton wata mata sanye da takalmin roba baƙi mai sheƙi, tana gudu a bakin ruwa, gashinta na tashi. Na ce masa Yaya, wannan ba irin ƙafata ba ce. Ya sake turowa. Na sake faɗa. Da ya turo na uku na gaji, na aika masa da 'yar fuskar nan mai dariya don a wuce wurin. Ashe shi a wurinsa dariyar nan amincewa ce.

Ya yi oda ba tare da na sani ba. Kin san yadda aka ɗauki awon? Wandona na zaman gida aka shimfiɗa a kan gado aka auna da tef ɗin tela, aka duba lambar takalmina na dama, wato lafiyayyar ƙafar. Gwaggo, ko labule za a ɗinka ai taga ake aunawa.

Ranar da abin ya faru ranar hutuna ce. Na gama wanki da rana, na kwance takalmin na jingine shi a bayan ƙofa inda na saba, na ɗan kishingiɗa barci ya ɗauke ni. Da na farka na miƙa hannu, babu shi. A wurinsa wani kwali ne an ɗaure shi da jan zare mai walƙiya. Na ƙwala wa maigidana kira, shiru. Ina jin muryoyi a falo ana ƙus-ƙus ana dariya. Sandunana suna can cikin sito tun ban san yaushe ba, don ba na buƙatarsu. Haka na sauko ƙasa na fito da jan jiki, abin da rabona da yi a gaban mutane tun ina yarinya. Na ɗaga labule sai ga Yaya da matarsa da Mama da maigidana a jere, kowa baki har kunne, matar Yaya ta ɗaga waya tana ɗauka ta. A ƙasa. Ina jan jiki.

Na tambaye su ina takalmina. Yaya ya gyara zama, yana jin daɗin kansa, ya ce ai ya san taurin kaina, in aka bar tsohon a gidan ba zan taɓa sa sabon ba, don haka da masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo wucewa da kurarsu ya miƙa musu, ko sisinsu bai karɓa ba. Ya faɗi wannan na ƙarshen kamar wanda ya yi sadaka.

Don idon Mama na buɗe kwalin na sa. Abin da ƙyar ya wuce gwiwa. Maɗauransa irin masu mannewar nan ne na takalman yara. Babu makulli ko kaɗan, wani ɗan maɓalli ne kawai da ke barin gwiwa ta yi gaba ta yi baya yadda ta ga dama. Daga gani an yi shi ne don mai lafiyayyar ƙafa da ya gurɗe a filin ƙwallo. Na dafa bango na ɗan taka, suka sa tafi. Yaya har da share ƙwalla. Ni ma na yi ƙwalla, suka ɗauka ta murna ce.

Da ranar aiki ta zo ba ni da zaɓi, na ɗaure shi tamau na tafi. Tun kafin azahar gefen robar ya fara cin fatar ƙasan gwiwata da idon sawu. Na daure. Can aka ce a kawo kwalin maganin tari daga ciki, na ɗauko kamar kullum, ina zuwa tsakiyar kanti gwiwa ta ce ba da ita ba. Na kife, kwalabe suka tarwatse, maganin ya malale ko'ina, ni kuma ina tsakiyarsa ina danƙo. Kanti cike da mutane. Wannan ya ce sannu, wancan ya ce a ɗaga ta, wani dattijo kuma ya ɗaga murya yana faɗa wai don rashin imani yaya za a sa gurguwa ɗaukar kaya. Shekara da shekaru ina wurin nan ba wanda ya taɓa kirana da wannan suna a gabana.

Da na koma gida na kwance abin, bororon da ya yi ya fashe, wurin ya zama ciwo yana ruwa. Ita kuma wannan ƙafar kullum a sanyaye take, ko ƙurji ne ba ya saurin warkewa. Mai kantin ya ce in zauna a gida har in samu sauƙi. Mutumin arziki ne, amma na ji ya riga ya sa 'yar ƙanwarsa a bayan kantata, wai na wucin gadi. Na san irin wannan wucin gadin, na ga wanda ya haifi 'ya'ya.

Na tono sandunana na je asibiti sashen da ake haɗa irin waɗannan takalman. Ma'aikacin ya karɓi takalmin da Yaya ya saya ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni wane likita ya rubuta mini. Na ce likitan cikin waya. Bai yi dariya ba. Ya ce ba za su iya ɗaukar awon ƙafata da filasta ba sai ciwon ya rufe, bayan nan kuma akwai layi a gabana, sannan a haɗa, sannan a gwada. Ya ce da tsohon yana nan da ya ɗan lallaɓa mini shi in riƙa amfani kafin nan. Kamar wannan bai isa ba, sai ya koma kaina da faɗa, wai yaushe rabona da zuwa a duba ni, wai jiki yana canzawa, wai ciwon bayan da nake fama da shi ba na tsayuwa ba ne kaɗai, tsohon takalmin ya daina yi mini daidai tuntuni. Na je neman taimako na dawo da wa'azi. Na tura maigidana ya zagaya wuraren da ake tara ƙarafa, ya wuni yana tona tsibi, ya dawo da yanka a yatsa da tsatsa a riga. An riga an loda an tafi da su.

Ana cikin haka Yaya ya zo duba ni. Ya gan ni da sanduna, ya hango kayansa a saman durowa. Maimakon ya tambayi ciwon, sai ya ce matsalata ba na ba abu dama, komai ai sai da sabo, matar cikin bidiyon ma ba rana ɗaya ta fara gudu ba. Gwaggo, a nan ne igiyar ta tsinke. Na ce masa ba tsohon ƙarfe ya bayar ba, ƙafata ya bayar, in gwaji yake so ya cire tasa ya miƙa wa masu kura mu ga yadda zai saba. Na ce ya kwashe ni daga mai aikin yi ya mayar da ni mai jiran a miƙo mata buta. Sannan na ƙara da cewa goyon da ya yi mini ina yarinya bai sa ya mallaki ƙafata ba, na sauka daga bayansa tun tuni, ya daina jin nauyina. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita, ko sallama babu.

Tun ranar gida ya rikice. Mama ta ce in je in durƙusa in ba shi haƙuri, babba babba ne. Har da dabara ta kawo, wai in ɗaura takalmin ko na ɗan lokaci ne in shiga gidansa da shi ya gani ransa ya yi sanyi, in na fito sai in cire a mota. A kan ciwo! Matar Yaya kullum sai ta ɗora wani rubutu a waya a kan butulci da ramin mugunta, ba ta ambaci suna ba amma har makwabta sun san da wa take. 'Yan'uwan Mama suna ta kira, kowacce da maganinta: wannan man shafawa, waccan wani mai gyaran ƙashi da ya miƙar da ƙafar wani da ba wanda ya taɓa ganinsa. Ba wadda ta tambaye ni me nake so.

Abin da ya fi ƙona mini rai na bar shi ƙarshe. Na yi ta mamakin yadda Yaya ya shiga har uwar ɗakina ina barci. Da na matsa, maigidana ya sunkuyar da kai ya ce shi ne ya ɗauko ya kai masa, shi ne ma ya auna wandon. Wai tun faɗuwar banɗaki hankalinsa bai kwanta ba, duk na fita aiki sai ya riƙa jiran a kira shi a ce na karye. Wai ya roƙe ni ba sau ɗaya ba in je asibiti a sake mini wani, kullum in ce sai na samu lokaci. Wai bai san Yaya zai bayar da shi ba, ya ɗauka ɓoyewa kawai za a yi. Mutumin da ya san ko wuta ce ta tashi a gidan nan sai na ɗaura takalmin nan kafin in iya ɗaukar ɗana! Yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Shi yake girki, shi yake kai yara makaranta, yana ta lallaɓa ni kamar ƙwai, wannan lallaɓawar ma haushi take ƙara mini.

Gwaggo, ni ce aka cuta, ni ce da ciwo, ni ce aikina ke lilo, kuma ni ake jira in ba da haƙuri. In je ne? In sa abin nan don Mama ta samu barci? Shi kuma wannan na cikin gida yaya zan yi da shi? Ki faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki,
Mai Sanduna Ba Da Son Ranta Ba

*

'Yata Mai Sanduna,

Sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Na karanta wasiƙarki na kai wurin awon wando sai da na ajiye takardar na yi salati. Bari mu fara da ƙafa, don zuciya tana iya jira, ciwo ba ya jira.

Kada ki sake sa wannan takalmin. Ba na ɗan lokaci ba, ba daga mota zuwa falo ba, ba don Mama ba, ba don kowa ba. Ƙafar da jini ba ya gudana a cikinta sosai, ƙaramin ciwo yana iya zama gyambo, kuma duk ranar da kika fama shi kin ƙara nesanta ranar da za a ɗauki awonki. Ki riƙa zuwa ana wanke shi ana duba shi yadda aka ce. In kin ga ya kumbura, ko yana wari, ko zazzaɓi ya taso, ki koma asibiti a ranar. Man shafawar dangi kuma ki karɓa ki gode ki ajiye. Ki faɗa wa Mama da taushin murya cewa ma'aikacin asibiti ya ce sai ciwo ya rufe za a yi miki sabo, kuma wannan robar ce ta jawo shi. Uwa ce, sulhu take nema, ba ta so ki rasa ƙafa.

A kan asalin maganar, gaskiya tana wurinki, ba na kuma raba ta biyu don in faranta wa kowa. Irin wannan takalmi ba kayan kwalliya ba ne da za a zaɓa a hoto. Ana yin sa ne a kan ƙafar mutum ɗaya, bayan wanda ya san aikin ya duba ƙarfinta da tsayinta da yadda mai ita ke tafiya. Ɗauke miki shi kina barci kuskure ne, bayar da shi kuskure ne da ya fi na farko, ɗaukar ki a waya kina ƙasa kuwa abin kunya ne, kuma ya kamata a goge wannan hoton a gabanki. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da ɓarna gyara. Garin gyaran gira sun taɓa ido. Fushinki ba butulci ba ne.

Amma kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga sauranta. Ki sake karanta abin da kika rubuto da hannunki. Makullin da sai an mare shi yake shiga. Maɗaurin da aka yanko daga bel. Walda a kan walda. Faɗuwa a ƙofar banɗaki, wadda kika wuce ta da “targaɗe ne kawai”. Ke da kike bayan kantar magani, in wani ya zo ya ce miki yana shan ƙwayar da aka rubuta masa tun yana saurayi, bai sake komawa wurin likita ba, yana dai ƙara wa kansa in ya ji jiri, me za ki ce masa? Na san ba za ki yi masa murmushi ba. Tsohon takalmin nan ya yi miki hidima, kin kuma shaƙu da shi, wannan ba laifi ba ne. Sai dai ya gaji, kuma ranar da zai kayar da ke a kan benci da kwali a hannu tana tafe. Mutanen gidanki sun hango ta. Tsoronsu daidai ne, maganin da suka kawo ne na banza. Ma'aikacin da kika ce ya yi miki wa'azi shi ne kaɗai a labarin nan ya faɗi abin da ya sani, ki riƙe shi da kyau.

Yanzu Yaya. Kada ki ba shi haƙuri a kan kin yi fushi, kada kuma ki ce masa takalminsa yana da kyau. Abu ɗaya za ki janye, maganar goyo. Sauran abin da kika faɗa zafi ne, zai huce. Waccan kuwa ta taɓa wurin da mutumin nan ya fi alfahari da shi a duk rayuwarsa, shi ya sa ya fita ko sallama babu. Ina zargin har yau in ya dube ki, yarinyar da ke bayansa yake gani, shi ya sa bai iya tambayarki ba, sai dai ya yanke miki. Ki kira shi da kanki, ba ta bakin Mama ba, ba inda matarsa za ta sa baki ba. Ki ce masa waccan kalmar kin yi nadamarta, ba za ki taɓa manta bayansa ba. Sannan, ba tare da ɗaga murya ba, ki gaya masa abin da kika gaya mini: yadda kika fito da jan jiki, yadda kika kife a kanti, sunan da aka kira ki da shi, da wadda aka sa a wurinki. Ina kyautata zaton bai san rabin wannan ba, don ranar da ya zo faɗa kuka yi, ba bayani ba.

Daga nan ki ba shi aiki. Mutum irin yayanki in ba a ba shi abin yi ba, shi zai nemo wa kansa, kin kuma ga irin abin da yake nemowa. Ki ce shi zai riƙa kai ki asibiti, ya kuma shiga ya zauna ranar awo. In ya ga yadda ake naɗa filasta, ana auna kowane lungu na ƙafar, ana tambayarki inda ke ciwo, ba sai kowa ya ce masa ya yi kuskure ba. Takalmin robar kuma ku tafi da shi ku tambaya ko akwai wanda zai yi wa amfani. Rubuce-rubucen matarsa ki bar su inda kika gan su. Ranar da aka ga motar mijinta a ƙofar gidanki za su ƙare da kansu.

Maigidanki laifinsa ya fi na Yaya nauyi, domin shi ya san abin da takalmin nan yake a wurinki, ya kuma bi ta bayanki. Ki faɗa masa haka sau ɗaya, dalla-dalla, ki nemi alkawarin cewa ba za a sake yanke wata magana a kan jikinki ba sai da ke. Amma ki duba cewa bai yi miki ƙarya ba da kika tambaya, kuma mutumin da ya wuni yana tona tsatsa da hannu ya riga ya fara biyan bashinsa. Ya roƙe ki ta ƙofa kin ƙi, shi ya sa ya bi ta taga. Don haka ke ma ki ba shi naki alkawarin: duk lokacin da asibiti suka ce ki dawo a duba, za ki koma, ba “sai na samu lokaci”. Wannan gaisuwa-gaisuwar ki taƙaita ta, yara suna gani. Abincin da yake dafawa kuma ki ci, in gishiri ya yi yawa ki faɗa, daga nan hira take farawa.

Batun aiki kada ki zauna kina jiran labari. Ki kira mai kantin ki gaya masa matakin da ake ciki, ki tambaya ko akwai abin da za ki riƙa yi a zaune kafin nan, karɓar kuɗi ko duba magungunan da suka kusa lalacewa, ko da rabin wuni ne. Kujerar da aka ga mai ita a kai ba a saurin ba da ita. Kuma in an zo haɗa sabon takalmin ki buɗe baki: ki ce tsayuwa kike yi, kina taka benci, kina son makullin da za ki amince da shi. Zai zo miki baƙo da farko. Ki fara da ɗan lokaci kina ƙarawa, ki riƙa duba fatarki in kin cire, duk inda ya yi ja bai washe ba ki mayar musu su gyara. Wurinsu za ki kai, ba wurin mai walda ba.

Ga sauran masu karatu kuma, wanda duk yake da ɗan'uwa mai sanda, ko keke, ko takalmin ƙarfe: abin nan jikinsa ne. Kada ka matsar da shi, kada ka gyara, kada ka canza, sai ka tambaya. In kana son taimako, fara da cewa me kake buƙata, sannan ka yi shiru ka ji amsa.

'Yata, ba ki rasa abin da ya tsayar da ke a bayan kantar nan shekara da shekaru ba, don ba a kura aka tafi da shi ba. Allah Ya rufe ciwon nan da wuri, Ya sa sabon ya zauna miki daidai, Ya huce zukatanku ke da yayanki da maigidanki, Ya mayar da ke bakin aikinki a tsaye.

Gwaggonku